Daga Rediyo zuwa Majigi: Kundin Aikin Fassara Finafinan Dick Barton da Paul Temple

5 ga Oktoba

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya. Abin da na sa a gaba shi ne nazarin finafinai bakwai na binciken laifi da aka yi a Ingila tsakanin 1946 da 1952, waɗanda dukkansu daga wasannin kwaikwayo na rediyon BBC aka ɗauko su: uku na Dick Barton, jami'in sirri, da kamfanin Hammer ya shirya, da huɗu na Paul Temple, marubuci mai binciken laifi, da kamfanin Butcher's ya fitar. Daga ciki zan zaɓi biyu in yi musu fassarar Hausa ta ƙasan allo, domin mu kalla a gida tare da abokan da muke rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, mu tattauna a kansu. Ba aikin sayarwa ba ne, kuma ba za a yaɗa fassarar ba.

Tambayar da ta kawo ni ita ce me ke faruwa da labarin da aka gina shi a kan jira idan aka mayar da shi fim na zama ɗaya. Shirin Dick Barton ya fara ne ranar 7 ga Oktoba, 1946, kuma yana zuwa da ƙarfe bakwai saura kwata na yamma, minti goma sha biyar kacal a ranakun aiki, har zuwa Maris na 1951 da aka rufe shi bayan kashi 711. Kowane kashi yana ƙarewa ne jarumin na cikin halin da babu alamar mafita, sai kiɗan taken shirin ya taso da gudu, mai sauraro kuma ya kwana da zullumi. Fim ba shi da wannan daren da ake kwana ana jira, don haka dole ne masu shirya shi su sami abin da zai maye gurbinsa.

9 ga Oktoba

Na tura wa wani ɗan'uwa da ke karatu a Ingila kuɗin fayafayen DVD na jerin biyu, abin da ya kama kusan fam 30, kuma zai ba wani mai dawowa gida ya taho da su a wata mai zuwa. Kafin nan zan yi aiki da kwafin da ake samu a intanet, duk da dishi-dishin hotonsu.

14 ga Oktoba

Makon nan na ƙare shi a kan sauraro. Matsalar farko da duk mai nazarin Dick Barton zai ci karo da ita ita ce BBC ba ta adana muryoyin shirin na asali ba, in ban da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da na samu na saurara shi ne maimaicin labarin farko da aka sake ɗauka a 1972, lokacin bikin cikar BBC shekara 50, a kashi goma, inda Noel Johnson ya koma matsayinsa na Barton, John Mann ya fito a Snowey, Alex McCrindle kuma a Jock, wato abokan aikin Barton biyu. Akwai kuma kashi fiye da 300 da aka ɗauka domin aikawa ƙasashen waje da wasu 'yan wasa daban, waɗanda aka gano a ma'adanar finafinai da sauti ta ƙasar Ostireliya a Canberra, aka sanar a 2011. Da ba don wannan ajiya ta nesa ba, da sai dai a karanta labarin shirin a takarda.

Na riƙa tsayar da kowane kashi a minti na ƙarshe ina rubuta irin hatsarin da aka tsaya a kai, sa'an nan in duba tsawon lokacin da kashi na gaba ya ɗauka kafin ya warware shi. Kusan kullum warwarewar ba ta ɗaukar lokaci, kuma sau da yawa hanyar kuɓutar mai sauƙi ce ƙwarai. Wannan ya nuna mini cewa marubutan, Edward J. Mason da Geoffrey Webb, ba su damu da wayon kuɓuta ba, sun san cewa mai sauraro ya riga ya ci ribar tsoronsa tun jiya da dare, yau kuma so yake a jefa shi cikin sabon hatsari. Kamar mai tatsuniya ne da ta kai daidai inda kura ta buɗe baki, sai ta ce wa yara su je su kwanta.

Wani abin lura shi ne dokokin da BBC ta rubuta wa shirin bayan an gane cewa yara ne suka fi bin sa, iyaye da malamai kuma suna ƙorafi. An hana Barton shan giya, an hana shi zagi, an nisanta shi da harkar mata, kuma faɗansa bai wuce naushi ba. Ya kamata in duba ko finafinan sun kiyaye waɗannan iyakoki.

20 ga Oktoba

Na kalli fim na farko, *Dick Barton: Special Agent* na 1948, wanda Alfred Goulding ya ba da umarni, Don Stannard kuma ya fito a jarumin. Labarin wani likita ne ɗan ƙasar waje da ya ɓuya a ƙauyen masunta yana shirin zuba ƙwayoyin cuta a madatsun ruwan shan Birtaniya. A ganina fim ne mai rauni, kuma rauninsa ya samo asali ne daga rashin amincewa da abin da aka ɗauko. Masu shirya shi sun ɗauka cewa tunda yara ne masu sauraro, sai a cika shi da barkwanci, aka mayar da yaran mugun sakarkaru masu tuntuɓe da juna, Snowey da Jock kuma suka zama abin dariya. A rediyo kuwa ba a taɓa yi wa hatsarin wasa ba, kuma wannan tsanani ne ya riƙe mutane miliyan 15 a lokacin da shirin yake ganiyarsa. Ba zan fassara wannan ba.

Sai dai ba adalci ba ne a yanke masa hukunci ba tare da duba halin da aka yi shi ba. A 1927 aka kafa doka a Birtaniya da ta wajabta wa gidajen silima nuna wani kaso na finafinan gida, kuma a 1948 aka sa kashi 45 cikin ɗari ga manyan finafinai, kashi 25 ga ƙananan da ake nunawa kafin babban. Ga kuma harajin kashi 75 cikin ɗari da gwamnati ta ɗora wa finafinan Amurka a 1947, wanda ya sa Hollywood ta dakatar da aiko sababbi har zuwa shekarar da ta biyo baya. Gidajen silima na neman abin cike gurbi cikin gaggawa, ƙananan kamfanoni kuma ba su da kuɗin ɗaukar manyan taurari ko yin talla. Sunan da miliyoyin mutane ke ji kowace yamma a rediyo talla ce da aka riga aka yi musu kyauta, shi ya sa Hammer ta bi shirye-shiryen BBC ɗaya bayan ɗaya, har da na ɗan sanda P.C. 49 da na Dr. Morelle.

27 ga Oktoba

Na kalli *Send for Paul Temple* na 1946, da Anthony Hulme, da kuma *Paul Temple's Triumph* na 1950. Na rubuta jerin fitowar kowane ɗaya. Kuɗin data na wannan wata ya kai naira 12,000.

2 ga Nuwamba

Na tsai da shawara a kan *Calling Paul Temple* na 1948, wanda Maclean Rogers ya ba da umarni, da John Bentley a matsayin Temple, Dinah Sheridan kuma a matsayin matarsa Steve. Finafinan Temple sun fi dacewa da kwatancen da nake so, domin kowannensu daga wani takamaiman labarin rediyo na Francis Durbridge aka ɗauko shi, saɓanin na Barton da aka ari jaruman kawai aka rubuta musu sababbin labarai.

A nan ne aikin ya gamu da cikas mai girma. Labarin da aka gina fim ɗin a kansa, *Send for Paul Temple Again* na 1945, wanda Barry Morse ya fito a ciki, yana cikin shirye-shiryen da suka ɓace. Ba yadda za a yi in ajiye murya kusa da hoto in kwatanta, kuma na yi kwanaki ina tunanin ko in sauya fim. Abin da ya ceci shirin shi ne Durbridge ya sake sarrafa wannan labari a 1968 da sunan *Paul Temple and the Alex Affair*, da muryoyin Peter Coke da Marjorie Westbury, inda makashin da ake kira Rex ya koma Alex, kuma wannan yana nan cikakke a kashi takwas. Dole in yi taka-tsantsan da shi, tunda shekara fiye da ashirin ce tsakanin rubutun biyu, kuma duk bambancin da na gani tsakaninsa da fim ɗin yana iya zama gyaran marubucin ne na baya, ba aikin masu fim ba. Saboda haka na raba takardar kwatancen gida uku: abin da ke cikin duka biyun, abin da ke fim kaɗai, da abin da ke rediyo kaɗai, kuma a kan gida na farko ne kawai zan kafa hujja mai ƙarfi.

Ko da wannan iyaka, abu ɗaya ya fito fili. Kashi takwas na kusan rabin sa'a kowanne sun doshi sa'a huɗu, fim ɗin kuwa kimanin sa'a ɗaya da rabi ne. Abin da aka zubar shi ne hirarrakin da Temple yake yi da Sir Graham Forbes na Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan, da sauran waɗanda ake zargi, wato inda mai sauraro yake samun sararin auna kowa, amma an bar kusan duk gawarwakin da harbe-harben da ke rufe kowane kashi. Sakamakon haka abubuwan firgitarwa suna zuwa a jere ba numfashi, kuma wanda a rediyo za a yi mako guda ana jimaminsa, a fim kafin ka gama gane ko wane ne an wuce wurin.

10 ga Nuwamba

Na fara fassarar da manhajar Subtitle Edit. Na ƙayyade wa kaina layi biyu a allo, kowanne kada ya wuce haruffa 40, domin mai karatu ya samu ya ɗaga ido ya ga fuskar mai magana. Fim ne mai yawan surutu, gadon rediyo, kuma Bentley da Sheridan suna musayar magana da sauri, don haka taƙaitawa ta fi fassarar kanta cin lokaci. Na kai minti na 35.

18 ga Nuwamba

Fayafayen sun iso, kuma sun zo da matsaloli biyu. Ta farko ita ce ɗayan jerin an kulle shi ga yankin Turai, wato yanki na 2, alhali na'urar da ke gidan ta yanki na 5 ce, sai ta ƙi karanta shi. Na sayi na'urar DVD ta waje mai haɗuwa da kwamfuta a kan naira 25,000, wadda ta buɗe shi ba gardama.

Ta biyu ta fi tsanani. Da na ɗora fassarar da na yi a kan kwafin faifan, layukan farko sun zauna kusan daidai, amma kafin a kai minti na goma rubutun ya fara makara, a minti na talatin kuwa Steve tana magana rubutun da ke ƙasa na wani ne da ya bar ɗakin tun tuni. Dalilin shi ne ana ɗaukar fim a kan hoto 24 a daƙiƙa, tsarin talabijin na Birtaniya kuma yana tafiya a kan 25, don haka faifan ya fi kwafin da na fara aiki da shi sauri da kusan kashi huɗu cikin ɗari, abin da ke tara kimanin minti biyu da rabi a kowace sa'a. Manhajar tana da wurin sauya wannan ma'auni gaba ɗaya, kuma da na yi hakan tazarar ta daina ƙaruwa, sai dai ta tsaya a kan wasu daƙiƙu da ba sa canzawa, saboda faifan yana da ƙarin alluna a farko da babu su a ɗaya kwafin. Na matsar da dukkan layukan da wannan adadi, sa'an nan na bi su ɗaya bayan ɗaya, domin akwai wurare biyu da tsohon kwafin ya tsallake 'yan hotuna inda fim ɗin ya taɓa tsinkewa. Gyaran ya cinye mini mako guda da na ware wa sabon aiki.

Duk da haka faifan ya biya kuɗinsa. A tsohon kwafin, fitowar farko ta cikin jirgin ƙasa duhu ce kawai, amma yanzu ana ganin sunan Rex a rubuce a jikin labulen taga kusa da gawar matar, kuma wannan rubutu shi ne ginshiƙin labarin. A rediyo sai wani ya karanta shi da baki kafin mai sauraro ya sani, a nan kuwa kyamara ta tsaya a kai shiru, kuma shi ne wuri na farko da na ga fim ɗin ya yi abin da rediyo ba zai iya ba.

23 ga Nuwamba

Na gwada fassarar a talabijin ɗin da za mu yi kallo da shi, sai haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka fito a matsayin ƙananan akwatuna. Na tabbatar an adana fayil ɗin a tsarin UTF-8, wato tsarin adana rubutu da ke ɗaukar irin waɗannan haruffa, amma talabijin ɗin ba shi da waɗannan haruffa a cikinsa. Ban yarda in cire lanƙwasar ba, don haka zan haɗa kwamfuta da talabijin ta waya in kunna daga can. Wayar ta ci naira 4,000.

1 ga Disamba

Na gama *Calling Paul Temple*, na koma kan fim na biyu da na zaɓa, *Dick Barton Strikes Back* na 1949, wanda Godfrey Grayson ya ba da umarni. An ɗauke shi ne bayan *Dick Barton at Bay*, amma aka fitar da shi kafin wancan, wanda bai fito ba sai 1950. A cikin bakwai ɗin nan shi ne na fi girmamawa, kuma dalilina biyu ne.

Na farko, makamin mugayen sauti ne. Wata na'ura ce mai fitar da ƙara da ke hallaka mutanen gari guda ba tare da rushe ko bango ba, kuma Sebastian Cabot ne ya fito a Fouracada, wanda ke jagorantar aikin a fili. Jarumin da aka haifa a rediyo, wanda jama'a suka san shi ta kunne, an haɗa shi da abokin gaba mai kisa ta kunne, kuma a ƙarshen fim ɗin ƙarar tana ta hauhawa har mai kallo ya ji ta a haƙoransa. Wannan ya jawo mini tambayar aiki, wato ko in rubuta bayanin ƙarar a ƙasan allo. Na bar wurin babu rubutu, domin duk abin da zan sa zai janye ido daga abin da ake so a ji.

Na biyu, an fita da kyamara waje. Ƙarshen labarin a hasumiyar garin Blackpool na bakin teku yake, wadda aka buɗe a 1894, mai tsayin mita 158, kuma Barton yana hawanta yana faɗa a tsakanin ƙarafunanta, ga gari da teku a can ƙasa. A nan na sami amsar tambayar da na fara da ita. Rediyo yana riƙe mutum da lokaci, ta hanyar hana shi sanin ƙarshe har gobe, wannan fim kuwa ya riƙe shi da wuri, ta hanyar nuna masa tsayin da jarumin zai faɗo daga kai, kuma kowane bene da aka hau yana yin aikin da ƙarshen kashi yake yi. Haka ma titunan birnin Canterbury suke ɗaga *Calling Paul Temple* duk lokacin da aka bar ɗakunan hira aka fita cikinsu. Game da dokokin BBC kuma, Barton na wannan fim yana nan a kan naushinsa da kamun kansa.

Don Stannard ya rasu a hatsarin mota a Yulin 1949 a Cookham Dean, inda Hammer take hayar wani gida tana ɗaukar finafinai a ciki, kuma Cabot yana cikin motar amma ya tsira. Da rasuwarsa aka jingine fim na huɗu da aka shirya yi, *Dick Barton in Darkest Africa*. Ina jin takaicin rasuwarsa a daidai lokacin da jerin ya fara gano hanyarsa, amma sunan wancan fim kaɗai ya isa ya nuna irin Afirkar da za a zana a ciki, kuma a dukkan finafinan uku akwai mugu baƙo mai baƙon lafazi. Wannan ma abin tattaunawa ne ranar kallo.

8 ga Disamba

Fassarar fim na biyu ta kai ƙarshe, kuma ta fi ta farko sauƙi saboda maganarsa kaɗan ce. Na buga takardar kwatancen da taƙaitaccen tarihin shirye-shiryen biyu domin rabawa, naira 6,000.

15 ga Disamba

Mun yi kallon jiya bayan sallar isha'i. Kafin kowane fim na kunna minti biyun ƙarshe na wani kashi na rediyo, domin a ji yadda ake yanke labari. An ɗauke wuta a tsakiyar fim na farko, muka tayar da janareta, kuma ƙararsa ta danne maganganun ƙasa-ƙasa, sai fassarar ta zama ita ce madogara. Mutum biyu sun ce layukan wurin taron waɗanda ake zargi sun yi saurin wucewa, kuma da na duba na ga akwai masu buƙatar ragi.

Dattijon cikinmu, wanda ya daɗe yana rubuta wa rediyo, bai yarda da ni ba a kan Temple. Ya ce, "Malam, kana auna fim ɗin da ma'aunin wanda ya saurari kashi takwas. Wanda ya shiga silima a lokacin ya riga ya san Temple da matarsa, fuskokinsu ya zo gani." Na ce, "Haka ne, Baba, amma wanda bai taɓa jin su ba fa?" Ya ce ai ba dominsa aka yi ba. Hujjarsa tana da ƙarfi, domin ta dace da dalilin kasuwancin da ya haifar da finafinan, kuma za ta shiga rubutun ƙarshe a matsayin ra'ayi na biyu. Sai dai da aka zo hawan hasumiya babu wanda ya yi magana a ɗakin, har waɗanda ba su taɓa jin sunan Barton ba kafin wannan dare, kuma ina ganin wannan ya tsaya wa nawa ra'ayin.

21 ga Disamba

Na rage layukan da aka yi ƙorafi a kansu, na ƙara wa wasu tsawon zama a allo. Kashe-kashen aikin zuwa yau, ban da fam 30 na fayafaye, sun haɗa da na'urar DVD, waya, bugu, man janareta da data na wata uku, jimilla kusan naira 80,000.

Mataki na gaba shi ne *Paul Temple Returns* na 1952, inda Patricia Dainton ta karɓi matsayin Steve, Christopher Lee kuma ya fito tun kafin ya yi suna. An ɗauko shi daga *Paul Temple Intervenes* na 1942, wanda muryoyinsa suka tsira, da Carl Bernard a matsayin Temple, don haka a karon farko zan iya kwatanta fim da ainihin shirin da ya haife shi ba tare da bi ta maimaici ba. Zan fara sauraron kashi takwas ɗin a makon farko na Janairu, ɗaya a kowane dare ba tare da haɗa biyu ba, in rubuta wanda nake zargi bayan kowanne, kuma fassarar wannan karon a kan kwafin faifan za ta tashi tun daga layin farko.